Fentin tsufa: Yadda ake yi wa tsohuwar mota ado da kamannin tsatsa

A garejojin da ke gefen Titin Zariya da lungunan Gyadi-Gyadi da Tarauni a birnin Kano, buƙatar da aka fi kai wa mai fenti guda ɗaya ce, wato a mayar da tsohuwar mota ta koma tamkar sabuwa. Ma'aikacin da zai sayar da motarsa yana son ta yi ƙyalli kafin dillali ya gan ta, ɗan kasuwar da ya sayi ta hannu kuwa yana son a shafe duk wata ƙarzuwa da ta samu a hanya. Sai dai a wajen masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka da Turai akwai wani aikin da ya zama kishiyar wannan. Can ana biyan mai fenti ne domin ya sa mota ta yi kama da wadda ta shekara hamsin rana na dukanta, fentinta ya koɗe, tsatsa ta fara leƙowa a gefunanta, alhali ƙarfenta lafiyayye ne a ƙarƙashi.

Wannan aiki shi ne fentin tsufa. Sanin yadda ake yin sa yana da amfani ga mai tsohuwar mota da ke tunanin abin da zai yi da ita, yana kuma da amfani ga mai saye, domin hannun da ya iya ƙirƙirar tsatsar ƙarya ya iya ɓoye ta gaske.

Ma'anar kalmar da asalinta

Turawa suna kiran kamannin da abu ke yi bayan ya daɗe ana amfani da shi da suna patina. Kalmar ta shigo Ingilishi ne daga harshen Italiya, kuma da farko ana nufin koren launin da ke hawa kan tagulla idan ta daɗe a iska da danshi. Misalin da ya fi shahara shi ne mutum-mutumin 'yanci da ke birnin New York, wanda aka ƙaddamar a shekarar 1886 da launin jar tagulla, amma cikin 'yan shekaru gommai ya rikiɗe ya zama kore kamar yadda ake ganin sa a yau.

Bahaushe ya san wannan abu ko da bai sa masa suna guda ba. Baƙin sheƙin da tsohon akushi yake yi, da santsin da hannu ke bari a jikin taɓarya, da duhun da sirdin fata ke yi bayan shekaru, duk shaida ce ta zamani wadda sabon abu ba ya da ita. A jikin mota kuwa, kamannin sun haɗa da koɗewar launi a rufi da murfin inji, da zaizayewar fenti a inda hannu ke yawan taɓawa, da ɗigon tsatsa marar zurfi a inda tsakuwa ta taɓa bugu.

Dalilin da ya sa tsufa ya yi daraja

Tsawon shekaru, abin da masu tara tsofaffin motoci suka saba shi ne a kwance mota gaba ɗaya, a sake mata fenti da kujeru har ta fi ranar da ta fito daga masana'anta kyau. Daga baya ra'ayi ya fara sauyawa, inda masana suka riƙa cewa mota sau ɗaya take zama ta asali, idan an kankare fentin farko ba ya dawowa. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ke ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, ta amince da wata yarjejeniya mai suna Yarjejeniyar Turin a shekarar 2012, ta fara aiki a farkon 2013. Jigon yarjejeniyar shi ne a kiyaye abin da mota ta zo da shi da alamun da zamani ya bar mata gwargwadon iko.

Kasuwa ma ta bi sahu. A watan Fabrairun 2015 an yi gwanjon wasu motoci kusan 60 a birnin Paris, waɗanda aka tsinta jibge a rumfunan wani gida a yammacin Faransa bayan shekaru da dama babu mai kula da su. Ɗaya daga cikinsu, ƙirar Ferrari ta 1961 da aka tarar an lafta mata tarin tsofaffin mujallu, an sayar da ita a kan kuɗi sama da Yuro miliyan 16 ba tare da an sake mata fenti ba. A watan Agustan 2024 kuma, wata Bugatti ƙirar 1934 da ba a sabunta ta ba ta lashe babbar kyautar baje kolin Pebble Beach a Jihar Kalifoniya, karo na farko ke nan da mota daga rukunin waɗanda aka bari da tsufansu ta yi wannan nasara.

A Najeriya ma akwai misalin da ke nuna cewa tabon da ke jikin mota yakan fi motar daraja. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, da hujojin harsasai a jikinta. Da an toshe hujojin an fesa mata sabon fenti, da ta zama mota kamar kowace.

Da tsufa na gaske ya yi tsada, sai masu fenti suka fara kwaikwayonsa. Masu tsofaffin Volkswagen da ƙananan motocin ɗaukar kaya na Amurka su ne suka fi yayata salon, sannan masu shirya fina-finai da masu talla suka mayar da shi sana'a, domin labarin da ya faru a shekarun 1970 ba ya karɓar mota mai ƙyallin bana.

Motocin da abin ya shafa a Kano

Arewa tana da nata tarihin motoci. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a shekarar 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975. Daga nan ne Fijo 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta zama motar gwamnati da ta manyan ma'aikata da ta direbobin dogon zango, aka kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har zuwa tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan an daina ƙera ta a Faransa. A wannan zamani ne kuma aka riƙa harhaɗa Volkswagen Beetle a Legas, da manyan motocin Steyr a Bauchi, da na Fiat a nan Kano. Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kira a-kori-kura, ta yi dakon kaya tsakanin kasuwannin ƙauye da birni, ita kuwa Vespa ta kai malaman makaranta da akawuna ofis shekara da shekaru.

Ragowar waɗannan motoci suna nan a soraye da garejojin gidaje, wasu an ɗora su a kan bulo tun rasuwar mai su. Yanayin Kano ya taimaka musu, domin bushewar iska a mafi yawan watannin shekara ta sa ƙarfensu bai ruɓe kamar na motocin Legas da Fatakwal da ke shan danshin teku ba. Abin da ke cin su a yanzu shi ne kasuwar 'yan gwangwan, inda ake yanka mota a sayar da ƙarfenta a ma'auni. Tun da ba a ƙera irinsu kuma, kuma dokar kwastam ta taƙaita shekarun motar hannu da za a iya shigowa da ita, duk wadda aka yanka ta tafi ke nan. Magadan da suka gaji irin wannan mota suna da zaɓi uku: su bar ta da fentinta na asali su kiyaye shi, su sabunta ta, ko kuma, idan fentin asalin ya riga ya lalace, su yi mata fentin tsufa. Ga masu fenti kuma akwai kasuwa kusa da su, domin Titin Gidan Zoo da ke maƙwabtaka da Gyadi-Gyadi ya daɗe da zama matattarar ofisoshin masu shirya finafinan Hausa.

Yadda fenti yake tsufa da kansa

Ba a iya kwaikwayon abin da ba a fahimta ba. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai shafen farko da ke kama ƙarfe ya hana shi tsatsa, wanda masu sana'ar ke kira firaima, sai launi a kansa. Duka kaurin fentin masana'anta yakan kasance tsakanin maikiron 100 zuwa 180, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Motocin da aka ƙera kafin shekarun 1980 galibinsu launi da sheƙinsu a haɗe suke a shafe guda. Idan rana ta daɗe tana dukan irin wannan fenti, samansa yakan zama gari-gari kamar alli, wanki da goge-goge su riƙa ɗebe shi kaɗan-kaɗan, har launin ya yi siriri, firaimar ta fara bayyana, daga ƙarshe ƙarfe ya fito ya yi tsatsa mai laushi. Saboda abin a hankali yake faruwa, babu iyaka mai kaifi tsakanin launi da firaima, ɗaya yana narkewa ne cikin ɗaya.

Motocin zamani kuwa ana rufe launinsu da wani shafe garai-garai mai sheƙi da ake kira kiliya. Shi ba ya zaizayewa, ɓamɓarewa yake yi, ya bar farin tabo mai kama da ƙyasfi a rufi da murfin inji, abin da ake yawan gani a jikin motocin hannu da ke yawo a titunan Kano. Wannan lalacewa ce kawai, ba ta da kyan gani, kuma shi ya sa fentin tsufa ba ya dacewa da motar da aka ƙera bayan shekarar 2000.

Tsufa kuma yana da tsari. Rana ta fi cin wuraren da ke kallon sama, wato rufi da murfin inji da murfin but da saman madigadi. Hannu yana cin kewayen mariƙin ƙofa da bakin tagar direba inda ake ɗora gwiwar hannu. Fetur yana zaizaye ƙasan bakin tanki. Ruwa yana barin layin tsatsa da ke gangarowa ƙasa daga ƙusa ko madubi ko ƙarshen magudanar rufi. Tsakiyar ƙofa kuwa, wadda ke tsaye ba ta kallon rana, ita ce ke riƙe launinta har ƙarshe. Aikin da ya saɓa wa wannan tsari, ko yaro ya gan shi zai gane na ƙarya ne.

Matakan aikin

Mataki na farko ba na fenti ba ne, na walda ne. Ana ɗaga mota a duba shasi, wato ƙashin da ke ɗauke da ita, da daɓen ciki, da ƙasan ƙofofi, da mazaunin batir. Ƙarfen jikin mota bai cika kai kaurin milimita 1 ba, don haka duk inda tsatsa ta huda sai an yanke an sa sabon ƙarfe. Tsatsar ƙarfe ba kamar koren tagulla ba ce da ke kare abin da ke ƙarƙashinsa. Ita kumbura take yi, ta tsotsi ruwa, ta ci gaba da ci daga ciki. 'Yar lotsawar da ba ta taɓa ƙarfin jiki ba ana iya barin ta, domin tana ƙara wa aikin kama da gaskiya.

Mataki na biyu shi ne nazari. Gwanayen aikin sukan nemi motar da ta tsufa da kanta, mai irin ƙirar da launin da ake so, su ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa. A Kano ba a rasa irinsu a bakin garejoji da kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa.

Mataki na uku, a kankare tsohon fentin da ya lalace da samfefa mai kaushi, lamba 80 zuwa 180, a wanke maiƙo, a fesa firaima mai ƙarfi irin ta ifoksi a ko'ina. Wannan shafe shi ne garkuwar motar, kuma ba a yarda a huda shi a duk matakan da za su biyo baya.

Mataki na huɗu shi ne jera launuka, daga na ƙasa zuwa na sama, bisa tsarin da za su bayyana idan an goge. Ana fara fesa launin ƙasa-ƙasa mai duhu wanda zai tsaya a madadin tsohon ƙarfe, sai launin jar ƙasa ko ruwan toka a madadin firaimar masana'anta, sannan launin motar na ainihi a sama. Launin saman ana rage masa kauri a rufi da murfin inji, a ƙara shi a gefuna. Wasu sukan haɗa shi iri biyu, a ɗiga wa na sama fari kaɗan domin ya yi kamar rana ta koɗar da shi. Dole ne dukkan launukan su zama jinsi ɗaya, domin fenti mai tina mai zafi idan ya hau kan na mai yakan sa shi ya yamutse ya tashi. Kowane shafe kuma sai ya bushe sosai kafin a ɗora wani.

Mataki na biyar shi ne zuciyar aikin. Ana jiƙa samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 1000, a riƙa goge wuraren da zamani ya saba ci, da hannu, ana zuba ruwa ana dubawa. Launin sama zai fara dusashewa, jar ƙasa ta leƙo, sannan duhu ya fito a tsakiya. Injin goge yana barin da'ira-da'irar da ke tona asiri, shi ya sa aka fi son hannu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne wuce gona da iri, da kuma daidaita dama da hagu, alhali babu motar da ɓangarorinta biyu suka sha rana iri ɗaya. Yana da kyau mai aikin ya riƙa ja da baya kamar taku goma yana kallon motar gaba ɗaya kafin ya ci gaba.

Mataki na shida shi ne zanen tsatsa. Ana amfani da launuka uku ko huɗu, daga baƙi-baƙi zuwa ƙasa-ƙasa zuwa ruwan goro, a riƙa dangwalawa da yagaggen soso ko busasshen buroshi, mai duhu a tsakiya, mai haske a gefe. Domin samun ƙananan ɗigo, akan tsoma buroshin haƙori a fenti a fallatsa da yatsa. Wata dabarar ita ce a yayyafa gishiri mai tsakuwa a kan jiƙaƙƙen launin tsatsa, a fesa launin mota a kai, idan ya bushe a kakkaɓe gishirin, sai ya bar ramuka masu kama da inda fenti ya tsattsage. Wanda ya bi wannan hanya sai ya wanke gishirin tas. Layin tsatsa kuwa ana yin sa da fentin da aka tsinka ƙwarai, a ɗiga a bakin ƙusa a ja shi ƙasa da tsumma.

Mataki na ƙarshe shi ne rufewa da kiliya marar sheƙi. Mai sheƙi yana ɓata aikin nan take, domin ba a taɓa ganin tsatsa tana ƙyalli ba. Motar da aka rufe da irin wannan kiliya ba a goge ta da folish, domin gogewa tana sa ta yi sheƙi a wasu wurare. Ruwa da sabulu mai laushi sun ishe ta.

Wasu hanyoyin

Akwai masu son tsatsa ta gaske. Wasu sukan yi amfani da fenti mai garin ƙarfe a cikinsa, a shafa shi a kan firaima, a fesa masa sinadarin da zai sa garin ya yi tsatsa, ƙarfen mota kuwa bai taɓu ba. Wasu kuma sukan kankare har ƙarfe su fesa ruwan khal da gishiri da ruwan haidirojin na wanke rauni. Wannan hanya ta biyu tana ba da tsatsa cikin sa'o'i, amma haɗarinta ya fi amfaninta, domin ruwan gishirin yana gangarawa cikin haɗin ƙarafa inda hannu ba ya kaiwa, kuma damina ɗaya ta isa ta mayar da ado ya zama ɓarna.

Hanya mafi sauƙin warwarewa ita ce manna leda mai hoton tsatsa a jikin mota, irin wadda ake yin tallar kamfanoni da ita. Ta fi dacewa da masu fim, domin ana ɓare ta bayan an gama aiki, sai dai idan an matso kusa ana gane ta, kuma zafin rana yana rage mata kwana.

Motar da ke da tsufanta na asali kuwa ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanke ta ake yi, a goge tsatsar sama a hankali, a shafa mata kaki ko man linsid da kafintoci ke shafa wa katako, a riƙa sabuntawa lokaci-lokaci. Tsumman da aka shafa man linsid da shi yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka ajiye, saboda haka a shanya shi a buɗe ko a tsoma shi a ruwa.

Yanayin Kano da lokacin aiki

Galibin fentin mota an tsara shi ne domin a fesa a zafin da bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40 da rana, sai tina ta bushe tun fentin bai sauka jikin ƙarfe ba, ya fito da kaushi kamar yashi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce matsalar. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, danshi yana sa kiliya ta yi hazo, ruwa kuma ya taru a tankin kwamfuresa ya biyo iska ya ɓata feshi. Garejin da ke da rufaffen ɗakin feshi ya tsira daga yawancin wannan. Wanda ke aiki a ƙarƙashin rumfa kuwa, ya fi masa ya yi feshi da sassafe, ya yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta, ya kuma zubar da ruwan tankin kwamfuresa kullum.

Lafiyar mai fenti da maƙwabta

Wannan aiki goge-goge ne da feshi, kuma dukansu suna da illa. Fentin tsofaffin motoci, musamman firaima da launukan ja da rawaya, sau da yawa yana ɗauke da dalma. Idan aka goge shi a bushe, ƙurar takan shiga huhu, ta manne a tufafi a kai ta gida. Arewa ta ga abin da gubar dalma ke yi a Jihar Zamfara a shekarar 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinare ta hallaka yara aƙalla 400. Yara ne suka fi saurin cutuwa, kuma yawancin garejoji suna da yara masu koyon sana'a. Goge fenti da ruwa yana rage ƙurar ƙwarai.

Kiliyar da ake haɗawa da hadna kuma tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke haddasa ciwon asma da ba ya barin mutum ko bayan ya daina sana'ar. A Birtaniya masu feshin mota suna cikin ma'aikatan da suka fi kamuwa da irin wannan asma. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ko takunkumin asibiti ba sa tare shi, kuma shan madara bayan aiki, wanda wasu suka ɗauka magani ne, ba ya wanke huhu. Abin da ke karewa shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsafta ta bututu, da safar hannu, da wurin da iska ke fita. A unguwanni masu cunkoso kamar Gyadi-Gyadi, inda gareji ke jingine da katangar gidan mutane, hayaƙin feshi haƙƙin maƙwabta ne da ya kamata a kiyaye.

Doka da takardu

Launin mota yana rubuce a takardunta. Duk wanda ya sauya shi, dokokin hanya sun wajabta masa sanar da hukumar rajistar motoci domin a gyara takardun, in ba haka ba zai iya shiga matsala da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko 'yan sanda. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙe launin da ke takarda a matsayin launin sama. Akwai kuma dokar 1977 da ta haramta wa farar hula amfani da mota mai launin koren soja, launin da masu son kamannin tsohuwar Land Rover kan yi sha'awa. Haka nan, motar da ta yi kama da ruɓaɓɓiya takan ja hankalin jami'an duba lafiyar motoci da na KAROTA, don haka birki da fitilu da tayoyi da takardar shaidar lafiyar mota su kasance cikakku. Ba a taɓa lambar mota ko lambar shasi da fenti ko samfefa.

Abin da mai saye zai duba

Fentin tsufa ado ne halattacce muddin an faɗa. Yana zama algus ne idan aka sayar da shi a matsayin na asali domin a ƙara kuɗi, ko aka yi shi domin a ɓoye ruɓa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta hana yaudarar mai saye game da ingancin kaya, malaman fiƙihu kuma sun daɗe da tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da hajar da aka ɓoye masa aibinta.

Mai saye ya fara da taɓawa. Tsatsar gaske tana da kaushi kuma tana barin ja a yatsa, ta fenti kuwa santsi gare ta. Ya buɗe ƙofa ya duba dokinta, ya ɗaga shimfiɗar but da ta ƙafa, domin launin asali yana ɓoye a can, kuma ya kamata ya dace da na waje. Ya duba robar gilashi da wayoyin inji ko akwai ɓurɓushin feshi. Ya naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ya bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa ko ya yi sako-sako akwai fila mai kauri a ƙarƙashi. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti, wadda ke nuna inda aka maimaita shafe, domin adadin yakan ninka na masana'anta sau biyu ko fiye. Daga ƙarshe ya sa bakanike ya shiga ƙarƙashi da tocila, musamman idan motar ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada, inda ake zuba gishiri a tituna lokacin ƙanƙara. Irin waɗannan motoci sukan zo da jiki sumul, ƙasa kuwa kyan ɗan maciji ne. Waɗannan gwaje-gwaje suna aiki ga kowace motar hannu, mai fentin tsufa ce ko mai sabon ƙyalli.

Motar da ta dace da wadda ba ta dace ba

Fentin tsufa ya dace da motar da ta riga ta rasa fentinta na asali, wadda aka sha sake wa launi, ko aka haɗa jikinta da ƙofofi da murfi daga motoci daban-daban. A irin wannan hali babu tarihin da za a ɓata, kuma aikin yana iya tserar da ita daga hannun 'yan gwangwan. Ba aiki ne mai araha ba, domin yana cin launuka da sa'o'in hannu fiye da fenti na yau da kullum, kuma ba kowane mai saye a kasuwar Kano zai biya kuɗi a kansa ba. Wanda ke shirin sayar da motarsa nan kusa ya yi lissafi tukuna.

Amma Fijo 504 da ta fito daga Kaduna da fentinta na farko, ko Vespar da har yanzu take ɗauke da zaizayar da ƙafar mai ita ta bari, ba ta buƙatar a ƙirƙira mata komai. Abin da ya kamace ta shi ne inuwa, da wanki, da kaki, da tayar da inji lokaci-lokaci, da adana takardunta na asali tare da rasiɗin saye idan yana nan. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma samfefar awa ɗaya ta isa ta shafe abin da shekara arba'in suka rubuta a jikin ƙarfe.